Daga Kofa zuwa dakatar da fina-finai 22: yaushe mu 'yan kallo za mu iya faɗin ra'ayinmu?



A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda Abba Al-Mustapha yake shugabanta, ta sanar da dakatar da fina-finai masu dogon zango har guda 22. Kuma ba ƙananan da ba wanda ya san da su ba ne. Akwai Labarina, akwai Daɗin Kowa, akwai Gidan Sarauta, Manyan Mata, Garwashi, Jamilun Jiddan, Kishiyata da Ɗakin Amarya. Dalilin da hukumar ta bayar shi ne ana sakin su a YouTube da gidajen talabijin ba tare da an kawo mata ta duba ba, kamar yadda doka ta tanada. Ta ba masu su mako guda su kawo. Daga baya ƙura ta lafa, manyan cikinsu suka ci gaba da fitowa.

Ku lura da kyau fa, maganar da hukumar ta yi ta bin ƙa'ida ce: ka kawo a duba kafin ka saki. Amma mu 'yan kallo me muka yi? Kafin gari ya waye mun rabu gida biyu. Wasu na cewa Allah ya ƙara, dama sun lalata mana yara, a rufe Kannywood ɗin kowa ya huta. Wasu na cewa hassada ce kawai, ana baƙin ciki da ɗaukakar gwaninsu. A Facebook haka, a gurup-gurup na WhatsApp haka, a teburin mai shayi haka. Da wuya ka ji wanda ya tsaya ya ce a cikin 22 ɗin nan wane ne ya yi kyau, wane ne bai yi ba, kuma saboda me.

Wannan shi ne abin da nake so mu tattauna yau. Mu ne muke ƙona data, mu ne muke biyan kuɗin caji, mu ne muke cika memori da fim da waƙa. Amma idan aka zo faɗin ra'ayi, kalma biyu muka iya: "ya haɗu" ko "a hana". Mu mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ya kamata mu fi kowa sanin tsadar wannan, domin a ƙofar gidanmu aka taɓa yanke babban hukunci a kan fim.

Abin da ya faru a Kofa

A shekarar 2016 gwamnatin tarayya ta Muhammadu Buhari ta shirya gina dandalin shirya fina-finai, wanda aka fi sani da Fim Bilej, a garin Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji. Kuɗin da aka ambata naira biliyan 3 ne. Abdulmumin Jibrin, ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Kiru da Bebeji, wanda ɗan Kofa ne, yana cikin waɗanda suka tsaya wa aikin. An yi maganar wurin ɗaukar fim, wurin horaswa, zauren taro, masauki da kantuna. Sai malamai da dama a Kano suka tashi tsaye a huɗubobi da karatuttuka suka ce ba su yarda ba, wurin zai zama matattarar lalata. Cikin ɗan lokaci aka sanar shugaban ƙasa ya dakatar da aikin. Kawu Sumaila, wanda a lokacin mataimaki na musamman ne ga shugaban ƙasa kan harkokin majalisar wakilai, shi ya fito da maganar.

Ni ba na cikin masu zagin malamai a kan wannan. Ruwa ba ya tsami banza. Mutane ba su manta da abin kunyar bidiyon wayar nan na 2007 ba, kuma a watan Oktoban 2016 ɗin ma ƙungiyar MOPPAN da kanta ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta fito tare da Classiq. Uban da yake da 'ya mace yana da haƙƙin ya ji tsoro. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amma ku duba ɗaya gefen. Wurin ɗaukar fim ba jarumai kaɗai yake ciyarwa ba. Akwai birkila, kafinta, mai walda, tela, mai abinci, ɗan acaɓa, mai gyaran janareta. Ga madatsar ruwa ta Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, ga dajin Falgore, ga duwatsun Riruwai: duk wanda ya san kyamara ya san waɗannan wurare dukiya ne. Har makarantar koyon harkar fim aka ware wa Tiga cikin makarantun sana'a da gwamnatin Kwankwaso ta kafa a zangonta na biyu. To me ya hana a ce a gina, amma da sharuɗɗa, da sa idon hukuma da na malamai da na masu gari? Abin da ya hana, a nawa ganin, shi ne zancen bai taɓa zama na "wane irin fim muke so" ba. Ya tsaya a "fim ko ba fim". Malamai sun zo da hujjarsu a tsare. 'Yan fim sun zo da kare kansu. Mu masu kallon, da muka fi kowa yawa, ba mu zo da komai ba sai ihu.

Tarihin yana maimaita kansa

Wannan ba sabon abu ba ne. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, shi ake lissafawa a matsayin farkon fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano. A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnati ta dakatar da harkar, a 2001 aka kafa hukumar tacewa. A 2007 aka sake dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi hukumar, kuma a zamaninsa Adam A. Zango da marigayi Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyantama duk sun ɗanɗana gidan yari. A 2007 ɗin ne kuma aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Sai 2016 Kofa, sai 2025 fina-finai 22.

Duk lokacin da abin ya taso, hukuma ce da 'yan fim suke fafatawa, mu kuma mu zama 'yan amshin shata. Ra'ayi daban, hukunci daban. Zan iya cewa fim ɗin nan shirme ne ba tare da na ce a ɗaure wanda ya yi shi ba. Zan iya cewa ina son jarumin nan, amma a fim kaza bai yi ƙoƙari ba. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Tunda ni na ɗauko zancen, bari in fara ajiye nawa a faifai, ku ma ku ajiye naku.

Fina-finai

Daɗin Kowa na Arewa24, a wurina, shi ne ya fi kusa da rayuwar talaka. Kamaye da Adama da Ɗantani mai shayi mutane ne da kowa ya san irinsu a unguwarsu. Gidajen irin namu ne, rigingimun irin namu ne: kuɗin cefane, almajirci, shaye-shaye, zaman Musulmi da Kirista a gari ɗaya. Matsalarsa ita ce tsufa. Shirin da ya shekara kusan goma yana tafiya dole wani zaren ya tsinke, wani ya maimaitu.

Kwana Casa'in ya yi abin da mutane da yawa suka ji tsoron yi. Ya ƙirƙiri jihar Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada, ya nuna yadda ake sayen ɗan jarida, yadda ake wasa da asibiti da makaranta saboda zaɓe. Duk wanda ya ga yadda siyasa take zafi a yankinmu ya san ba tatsuniya ba ce. Ni wannan ne fim ɗin da zan nuna wa duk mai cewa Kannywood ba ta iya komai ba sai soyayya.

Labarina na Malam Aminu Saira ya fi kowa iya hoto da sauti da iya tsayar da shiri a inda zai hana ka barci. Baba Ɗan Audu na Rabi'u Rikadawa yana cikin mafi kyawun rawar da na taɓa gani a fim ɗin Hausa, domin yana ba ka haushi yana ba ka dariya, kuma ka san akwai irinsa. Amma bayan fitar Nafisa Abdullahi daga matsayin Sumayya labarin farko ya yi tangal-tangal, kuma duniyar Labarina ta fi karkata ga manyan gidaje da manyan motoci. Izzar So na Lawan Ahmad shi ya nuna wa kowa a 2020 cewa YouTube kasuwa ce. Yabona gare shi ke nan. Sukata kuma ita ce Umar Hashim ya yi nagarta da yawa har ya daina kama da mutum, kuma wa'azin yakan fito ƙarara maimakon labarin ya ɗauke shi.

Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura kuma Najeriya ta tura shi gasar Oscar ta 2025, ya nuna fim ɗin tarihi da sarauta zai iya fita waje da harshenmu. Indiya-Hausa kuwa, irin fassarar su Algaita, kada kowa ya raina ta. Masu fassarar sun fi wasu marubutan fim ɗinmu iya sarrafa Hausar titi, shi ya sa yara suke haddace maganganunsu. Illarta ita ce faɗa da zubar da jini da ƙananan yara suke kallo ba mai tace musu.

Babban ƙorafina ga Kannywood gaba ɗaya shi ne yadda take nuna mutumin karkara. In ba wawa ba ne mai baki buɗe a birni, to mugun kawu ne mai cin gadon marayu. Ina manomin shinkafar Tudun Wada da yake lissafin taki da ruwa da bashi? Ina manomin masarar Doguwa? Ina ɗan kasuwar Kwanar Ɗangora, ina masuncin Tiga, ina direban da yake ratsa Falgore da addu'a a bakinsa? Waɗannan labarai ne masu nauyi, ba a taɓa su yadda ya kamata ba.

Littattafai

Da yawanmu a makaranta muka haɗu da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, shi ya sa muke musu kallon littattafan jarrabawa. Ku sake karanta Ruwan Bagaja ba don maki ba. Ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ta fi yawancin barkwancin da ake yi mana yanzu, kuma littafin ya fito ne daga gasar rubutu ta 1933.

Littattafan da ake kira na soyayya, waɗanda aka ƙona wasunsu a 2007, ba duka ne shirme ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya tambayi abin da har yau muke tambaya: shin talaka zai iya auren 'yar mai kuɗi? Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, labarin Rabi da mijinta ya kore ta da 'ya'yanta saboda amarya, ya fi fina-finan kishiya goma faɗin gaskiya kan sakin aure. An fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. Wanda ya ce duk a ƙona, bai karanta wannan ba.

Na yanzu da ake sayarwa a WhatsApp da manhajojin waya, ko ake karantawa a YouTube, nan ne nake da damuwa. Akwai marubuta mata masu basira sosai, gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ta tabbatar da haka. Amma akwai kuma masu cusa batsa tsirara don a biya kuɗin shiga gurup, kuma 'yan mata 'yan sakandare ne suke karantawa cikin dare. Abin mamaki, wannan ya fi abin da ake gani a yawancin fina-finai 22 ɗin nan muni nesa ba kusa ba, amma da yake ba a ganin fuskar jaruma, hayaniyar ba ta kai ta fim ba. Hukuma ba za ta iya shiga kowace waya ba. Mai karatu ne kaɗai zai iya cewa wannan marubuciyar ta iya, waccan kuwa kasuwancin banza take yi.

Waƙoƙi

A nan ne muka fi yin rashin adalci, domin muna auna kowa da mudu ɗaya. Dattawa su ce tun da Shata ya rasu a 1999 waƙa ta mutu. Yara su ce kalangu na tsofaffi ne. Duka biyun kuskure ne. Mamman Shata gwanin ƙirƙira nan take ne, ya tsaya gaban jama'a ya ɗinka magana ba takarda. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa shi kaɗai ya yi wa talaka da ɗan sana'a waƙa. Barmani Choge da ƙwaryarta ta faɗa wa mata abin da ba mai faɗa musu a fili. Kuma kada mu yi kamar duk waƙoƙin da can wa'azi ne, su ma suna da zambo da habaici da maganganun da ba a faɗa gaban suruki.

A na zamani, Aminu Ala ne nake kai wa gaba wajen tsara baiti da zurfin Hausa. Nura M. Inuwa ya iya sa kalma ta taɓa zuciya. Hamisu Breaker da Jaruma a 2020, lokacin kullen korona, ya nuna ƙarfin murya da karin waƙa, har matan aure suka riƙa yi wa mazajensu rawa ana ɗorawa a intanet, aka yi ta cece-kuce. Ado Gwanja ya san abin da mata suke so a gidan biki, amma Warr ta 2022 ta sa ni tambayar ko dole sai da zagi waƙa take karɓuwa. Masu gambarar zamani irin su Classiq da DJ AB suna wasa da Hausa ta hanyar da nanaye ba ta iya ba, sai dai wani lokacin kwaikwayon Amurka yakan rinjayi abin da suke son faɗa. Rarara kuwa, ko kana son siyasarsa ko ba ka so, ya iya saka amshi a bakin jama'a. Amma waƙar siyasa kamar tumatir ce, ba ta jure ajiya: wanda aka wasa bana shi ake yi wa zambo baɗi.

Abin da ya fi damuna a waƙar fiyano shi ne na'urar gyaran murya ta sa kowa ya zama mawaƙi, kiɗa ɗaya, kalmomi ɗaya: zuciya, hawaye, masoyiya. In an kashe wuta a ba mutum makirufo, nan ake gane gwani.

Kuɗi ne ke jan akalar

In muna so ra'ayinmu ya yi nauyi, sai mun fahimci dalilin da ya sa fina-finan suka koma haka. Kasuwar faifan CD ta mutu, satar fasaha ta gama da ita. Furodusa yanzu da YouTube da talla ya dogara. YouTube yawan kallo da tsawon lokacin da aka zauna take dubawa, shi ya sa labarin da zai ƙare a kashi goma ake jan sa zuwa ɗari, shi ya sa ake yanka fim da tallan maganin gargajiya da na filaye da na atamfa. Shi ya sa kuma ake ɗauka yau a saki jibi, wanda shi ne asalin rigimar da hukumar tacewa: mai sakin shiri duk mako yana ganin jiran tacewa asara ce.

Ga kuma inda abin ya shafe mu kai tsaye. A garuruwanmu da sabis yake wahala kuma data take tsada, yawanci wurin masu turi muke zuwa a zuba mana a memori. Mutum ɗaya ya sauke, ɗari su kalla. A lissafin YouTube mutum ɗaya ne ya kalla. Wato a idon furodusa, ɗan Doguwa da ɗan Kiru kusan babu su. To don me zai yi fim a kanmu? Ba ina cewa a kashe sana'ar masu turi ba ne, matasa da yawa da ita suke ci. Ina cewa ne tunda ba a ƙirga mu da lamba, sai mu sa a ƙirga mu da murya.

Abin da nake ganin ya dace

Ga hukumar tacewa: dokar a kawo a duba ba laifi ba ce, a ƙasashe da dama akwai irinta. Amma a riƙa bayyana wa jama'a dalili filla-filla, a kuma riƙa rubuta shekarun da suka dace da kowane shiri, yadda uba zai san wanda zai bari a kalla a tsakar gida. A kuma samar da hanyar tace shirin mako-mako cikin sauri.

Ga 'yan fim: ku daina ɗaukar duk mai suka a matsayin maƙiyi. Ali Nuhu yana shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya tun Janairun 2024, wato ɗan gida ne a kan kujerar. In har maganar dandalin fim za ta sake tasowa, a fara da zama da malamai da masu unguwanni da matasan wurin tun kafin a kai bulo, kada a bari sai an gama shiri a zo ana rarrashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga mu kuma: in ka kalli fim, ka ji waƙa, ko ka karanta littafi, ka gwada amsa tambaya uku kafin ka yi magana. Me yake son faɗa? Ya iya faɗar? Zan yarda ƙanwata ko ƙanena su gani? Amsoshin ukun ba dole su zo ɗaya ba. Akwai abin da aka iya yi amma bai dace da yara ba, akwai mai kyakkyawar niyya amma aikin ya yi rauni. Ranar da dubban 'yan kallo suka iya magana haka, furodusa zai saurara, hukuma za ta saurara, malam ma zai samu wanda zai tattauna da shi ba wanda zai yi masa ihu ba.

Na san wasu za su ce na taɓa gwaninsu. Ba komai, abincin wani gubar wani. Ku faɗi naku, amma da sharaɗi ɗaya: duk wanda ya ce "ya haɗu" ko "shirme ne", to ya biyo da "saboda". Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.